Jaridar da Aka Naɗo Tsire a Ciki

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, a gidanmu na unguwar Mansur. Mu biyu ne a ɗaki, ni da kakata, ina ɗan shekara goma.

An kawo mana tsire naɗe a jarida. Da muka cinye, Kaka ta shimfiɗa takardar, duk maiƙo da ƙamshin yaji, ta ɗora yatsa a kan wani hoto.

"Maigida, wannan ba layin ƙanwata Hansatu ba ne a Jidda? Karanta mini, rubutun nan ya fi ƙarfina."

Na duba. An rubuta cewa za a rushe gidajen unguwar, kowa ya kwashe kayansa. Na gane sarai. Amma abokaina suna jirana da ƙwallo, kuma na san in na faɗa, aikena za ta yi kiran Baba.

"Tallar gidaje ce, Kaka."

"To, madalla. Allah ya yi maka albarka."

Kwana uku Hansatu ta yi a titi da kayanta kafin labari ya iso mana. Har yau wannan albarkar nauyi take yi mini.

Ina roƙonka, in tsoho ya miƙo maka takarda, zauna ka karanta masa har ƙarshe.