Agogon Baba

Auta ya ɗaura wa Baba agogon ƙirga taku da hannunsa, sannan ya jefa makullin motar tsohon a aljihu. Shekara bakwai ba ya gida, ya dawo ya tarar da tsoho ko ƙofa ya buɗe sai ya zauna ya mai da numfashi.

Likita ba ta ɓoye komai ba. Ciwon suga yana sa wa zuciya tsatsa daga ciki, kamar kwanon rufin da ya sha damina, doguwar tafiya kullum kuwa ita ke koya wa jiki kankare tsatsar. In wata uku suka wuce ba canji, sai gadon asibiti.

Auta ya ce, "Taku dubu goma a rana, Baba. Agogon nan ba ya cin hanci. Ran da gwaji ya yi kyau, makulli ya dawo."

Baba ya ce bai haifi ɗa don ya rataya masa ƙararrawa kamar akuya ba, kuma ko sama da ƙasa za su haɗu, ba za a gan shi a motar haya ba. Umma dai ta ɗauki mayafi ta ce za ta leƙa teloli, ita da ɗinki bai taɓa damunta ba.

Satin farko agogo ya nuna taku ɗari huɗu, duk tsakanin kujera da banɗaki. Sati na biyu, dubu ashirin. Baba kan fita da hantsi ya dawo jiƙe da gumi, yana murmushin wanda ya ci kasuwa. Dunduniyar takalminsa ta fara cinyewa.

Ana gab da cika wata uku, Auta ya ga farin zare maƙale a maɗaurin agogon. Washegari ya bi sawun tsohon. Can ƙarshen gari ya hango shi miƙe a kan benci yana fifita da hula, agogon kuwa ɗaure a matakin keken ɗinkin wani tela, sai ƙirga taku yake.

Auta ya dawo yana huci, ya tarar da Umma riƙe da takardar gwaji. Suga ya sauka, zuciya ta yi ƙarfi.

"Umma, ha'inci yake yi. Tela ne ke taka masa."

"Ni na ba shi dabarar," in ji ta, tana ninke takardar. "Teloli shida na unguwar nan duk na hana su karɓar agogon. Na bar masa guda ɗaya tal, tafiyar awa guda zuwa, awa guda dawowa."