Ludayin Duba-gari

Ludayinsa nake tunawa, fari fat, mai dogon mariƙi. Zamanin Turawa ne, a Wurno, ranar da duba-gari ya shigo gidanmu bayan azahar. Tun da safe Inna ta sa ni na wanke randa har sau uku, na cika ta da ruwan rijiyarmu, wadda taku biyar ne tsakaninta da salga.

Ƙanwata Hajo, 'yar wata bakwai, kwana huɗu ke nan tana zawo. Inna ta kwantar da ita ɗaka, ta saki labule.

Ya tsoma ludayin cikin randa, ya ɗaga shi ga rana yana neman 'ya'yan sauro. Sai Hajo ta yi ɗan kuka.

"Mi ya samu yarinya?" in ji shi.

"Haƙori ne, ranka shi daɗe," in ji Inna.

"To, Allah shi ba ta lahiya. Ruwanku tas yake."

Ya goge ludayinsa ya fita. Bai leƙa rijiya ba, Inna ba ta ɗaga labule ba, ni kuma na rufe randa. Haƙoran nan ba mu ga fitowarsu ba, zawon nan ne ajalin Hajo. Har yau, in na ji uwa ta ce "haƙori ne", sai in ji kamar in fasa randa.