Sandar Tsohuwar Saman Bene

"Ka rage, ko ka nemi wata mashayar!" in ji mai gida, yana nuna min rufi da yatsa.

Kullum haka muke a lungun nan na Beirut. Mai ganga yana dukanta kamar ta zagi uwarsa, mai jita ya ƙure lasifika. Amma da na taɓa bes ɗina, jitar nan mai kaurin murya, sai tsohuwar saman bene ta hau buga daɓe da sanda. Laifin duk nawa.

Na murɗe sautina har ya mutu. Yatsuna na ta kai-komo, ba abin da ke fita. Mawaƙinmu har da jinjina min: "Yau ka iya, ɗan'uwa!"

Sanda ta yi shiru. Can sai ga tsohuwa a ƙofa da silifas. Mai gida ya tare ta da ban haƙuri.

"Ɗana, huta da bakinka, kunnuwana sun mutu tun zamanin yaƙi. Wane marar kunya ne ya kashe kiɗan da nake ji a tafin ƙafa? Ni da sandata muna tsakiyar rawa!"