Laraba ta Maƙwabta

Tanimu, na ji an sa ka cikin masu duba dokokin garin nan, har ka fara cika baki za ku share tsofaffin dokoki. To, gyara zama. Ni ban ƙi gyara ba, doka ma kamar katanga take, sai da yaɓe. Amma ka ji wannan tukuna.

An yi wani gari mai unguwa shida da babbar rijiya guda. Al'adarsu, bayan 'yan shekaru sai a taru a dandali, mai shela ya riƙa kiran dokokin gari ɗaya bayan ɗaya, jama'a su ce a bari ko a sake. Ta haka suka matsar da burtali da gonaki suka ƙaru, ta haka suka sauya ranar kasuwa, ba wanda ya yi ko ciwon kai. Doka ɗaya ce mai shela ke wucewa da sauri, murya ƙasa-ƙasa: kowace unguwa da ranar ɗiban ruwanta, Laraba kuwa ta maƙwabta ce. Ranar ko akuya ba a korawa wajen rijiyar. Waɗanne maƙwabta? Oho. Ƙauye mafi kusa tafiyar wuni ne, kuma a bakin kogi yake.

Sai gari ya cika ya batse, aka yi unguwa ta bakwai a bayan ganuwa, ita ba ta da rana. Mai unguwarta wani masassaƙi ne, mutumin kirki, sai dai taurin kai kamar mutanen farko. Abin da ke ci masa rai matarsa ce. Kullum sai ta je wani tafki mai nisa ta ɗebo ruwa ja kamar kunu, ta dawo wuya a sage, ƙafa duk faso. Yana son matar nan ƙwarai, ganin wahalarta na hana shi cin tuwo. Da lokacin zama ya matso, ya bi gida-gida yana cewa ga rana a banza, ga mutane da ƙishirwa. Gaskiya ce kuma, wa zai musa? Wata tsohuwa makauniya, jikar wanda ya haƙa rijiyar, ta aiko a ce masa ya zo ya ji kafin a zauna. Bai je ba. Ta sake aikowa, ya ce aiki ya yi masa yawa. Ƙarya yake, ba wani aiki. Ya san in ya ji zai iya fasawa, shi kuwa ba ya son fasawa. A dandali mai shela ya kira dokar, masassaƙi ya ce a sake, matasa suka amsa, dattawa suka sunkuyar da kai. Laraba ta zama ta unguwa ta bakwai.

Matan unguwar suka noƙe, kowace na jiran wata ta fara. Sai matarsa ta ɗauki tulu ta yi gaba, don kada a ce mijinta ya yi doka iyalinsa sun gudu. Ta dawo lafiya, ruwa garau, sai dai ta rage magana. Sauran matan suka gwada sau ɗaya suka daina. Wai igiya a jiƙe suke tarar da ita alhali ba wanda ya riga su, wai kuma in ka tsaya a wurin sai ka ji kamar ka shiga gaban wani a layi. Ita kuwa ba ta daina ba. Duk Laraba, da rana ta take tsaka, ko tuwo take tuƙawa sai ta ajiye muciya ta fita. Ba ta dawowa sai la'asar, hannu duk kantar jan igiya, tulu babu ko ɗigo. In ya tambaye ta, sai ta dube shi kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Tsoro ya kama shi, wata Laraba ya bi ta a baya. Rana tsaka, fili fayau, ko tsuntsu ba ya kuka. Ya ga ta zura guga ta jawo, ta juye a gefenta inda ba kowa. Ruwan bai taɓa ƙasa ba. Sai dai ya ji ƙarar tulu yana cika, tun daga gindi har wuya. Ta sake zurawa, ta matsa gaba kaɗan ta juye, tana gaisuwa a hankali, tana tambayar yara da masu jiki. Ya ƙarasa bakin rijiyar ya leƙa. A kan ruwan ga fuskarsa, ga kuma wasu kewaye da ita, jere, da gammo a ka, duk shi suke kallo. Ba fushi a idonsu, jira kawai suke ya ba su wuri. Ya nemi fuskar matarsa kusa da tasa, ya same ta can cikin jerinsu.

Ya kama hannunta, sanyi ƙalau. Ta zare shi cikin ladabi ta ce, "Malam, koma gida. Yau ba ranarku ba ce."

Ranarku fa ta ce, Tanimu, ba ranarmu ba. A guje ya nufi gidan tsohuwar, yanzu kam yana son ji, ya tarar ana zaman makokinta. Gari ya sake taruwa aka mayar da dokar yadda take, aka haƙa wa unguwa ta bakwai rijiyarta, abin da tun farko ya kamata a yi. Amma matar ta riga ta zama ta maƙwabtan, ba ta ƙara ɗaukarsa nata ba. Ya tsufa yana tsayawa nesa duk Laraba, yana kallon matarsa na shayar da waɗanda ba ya gani.

Don haka ku gyara abin da ya lalace, Allah Ya taimaka. Amma dokar da ba ka san dalilinta ba, je ka ji tun mai faɗa yana da rai. Hausawa sun ce, in ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba.