Lambar Aisa

"Ku duba, da 'yata zan fara," in ji Likita Yakuba. Ya kama damtsen Aisa a tsakiyar Babbar Kasuwa, ya tsaga mata lambar rigakafin agana. Matan Yamai, da suka saba ɓoye 'ya'yansu tun kafin Nasara su tafi, suka fara miƙo su.

Mahaifiyarsa Kande, mai maganin gargajiya, tana tsaye a gefensa. Bai taɓa raina saiwoyinta ba, marasa lafiyarsa ma sukan sha jiƙonta. Ita ta goya Aisa zuwa gida.

Da bazara agana ta shigo unguwarsu. Duk yaran da ya yi wa lamba sun tsira. Aisa kaɗai aka binne.

Ranar sadakar uku yana zaune, ya rasa inda ya kuskure, sai Kande ta dafa kafaɗarsa.

"Na yafe maka, ɗan nan. Na yi iyakar ƙoƙarina. Muna isa gida ran nan na tsotse dafin da ka zuba mata, na goge wurin da lemun tsami har ya yi fes. Ashe ka riga ka kashe mini ita."