Makullin Ɗakin Kati

Tunda ka kafe, Malam Ɗayyabu, cewa wanda ya taɓa kwana a gidan yari kada a bari ko inuwarsa ta gifta kusa da katin marasa lafiya, to gyara zama in ba ka wani misali, in ya so ka yanke hukunci da kanka.

An yi wani mutum da ya shekara uku a kurkuku. Kada ka ce ƙazafi aka yi masa, a'a, ya aikata: babura ake satowa, shi kuma yana kwance su yana sayar da kayan. Da ya fito sai gari ya yi masa zafi, in ya yi sallama a majalisa hira ta mutu ke nan. Ga ilimi, ga iya kwamfuta, amma duk inda ya kai takarda sai a ce ya dawo gobe. Ana nan aka nemi mai kula da ɗakin kati a ƙaramin asibitin garin, inda ake ajiye fayil ɗin kowane marar lafiya. Ka kuwa san abin da ke cikin ɗakin nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, abin da mace ta ɓoye wa uwarta ta faɗa wa likita, likita kuma ya rubuta. 'Yan kwamitin asibiti suka ce haba, wa zai ba kura ajiyar nama? Sai wani dattijo a cikinsu, mai gidan burodi, ya bugi ƙirji ya ce shi ya tsaya masa, in an ga ba daidai ba a kama shi. Har ɗaki ya ba shi a ƙofar gidansa. Mutumin nan ya ɗauke shi uba, Baba yake ce masa, kuma har ga Allah yana ƙaunarsa.

Ya yi shekara biyu da makulli a hannunsa, ba a taɓa jin maganar wani ta fita ba. Amma ni ban ɗauki wannan a bakin komai ba, don kowa mai amana ne ranar da ba a taya ba.

Ranar tayi ta zo wata Laraba bayan la'asar, kuma ba baƙo ne ya zo da shi ba. Dattijon ne ya kira shi gefe. Ashe yana shari'a da matar ƙaninsa marigayi a kan gidan da take zaune da marayunta huɗu, ya kuma ji ƙishin-ƙishin tana zuwa asibiti duk wata. Mutumin ya san abin da ke kawo ta, shi ke zaro mata katinta. Bayan rasuwar mijinta ta gamu da lalurar ƙwaƙwalwa, ta samu sauƙi sarai, magani kawai take karɓa. Ya kuma san in takardar nan ta isa gaban alƙali, mahaukaciya za a kira ta, a karɓe gidan, a raba ta da 'ya'yanta. Dattijo ya ce, "Ba ɗaukowa za ka yi ba, ɗana. Hoto ɗaya a waya, shi ke nan." Mai kula da kati ya shiga lissafi. Ga mutumin da ya ɗauke shi daga ƙasa, ga ɗakin da yake kwana, ga aikin da ba shi da wani. Amma in akwai wanda ya san yadda takarda ɗaya ke bin mutum tana rufe masa ƙofofi, to shi ne. Ya durƙusa ya ce, "Baba, kai ka tsaya gaban mutane ka ce ni mai amana ne. In na buɗe katin nan, na mayar da kai maƙaryaci. Ka yi haƙuri, ba zan iya ba."

Wallahi kafin magariba katifarsa tana kan baro. Dattijo ya je kwamiti ya ce ya janye hannunsa, a kori ɓarawo. Likita ya tambaye shi abin da mutumin ya yi, sai aka ga dattijo ya ɓige da gyaran hula. Shi kuwa da aka kira shi, ko a nan bai tona Babansa ba. Makulli ya zauna a hannunsa, amma ya rasa uban da ya samu, ya koma kwana a shagon wani tela. Shari'a kuwa ba hujja, gida ya tabbata ga marayu.

Da wata ya zagayo matar ta zo karɓar magani, ba ta san wainar da aka toya ba. Tana hango shi ta taga ta ƙanƙame jakarta, ta ce wa nas, yadda kowa zai ji, ita fa ba ta ga dalilin da za a bar tsohon fursuna da asirin mutane ba. Maganar ta soke shi ƙwarai. Ya zaro katinta, ya miƙa da hannu biyu, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Inna."

To ka ji, Malam Ɗayyabu. Ban ce duk wanda ya fito a miƙa masa makulli ba, a duba abin da ya kai shi, a sa masa ido. Amma dattijon nan bai taɓa taka ƙofar kurkuku ba, kuma shi ne ya zo taya asirin bazawara. Takardar hukuncin kotu abin da mutum ya yi jiya kaɗai ta sani. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.