Tsagar Uwar Kogo

Da suka iso bakin tsagar dutsen da masu ziyara ke ratsawa, tsohon ya miƙa wa 'yarsa kwakwar hadaya, ya kwanta rub da ciki. Kowa ya sani, Uwar Kogo, abar bautar wurin, ba ta sakin mai alhakin rai. Dutsen matse shi yake yi.

Wata bakwai ke nan da ƙona gawar matarsa bisa al'adarsu, har yau yana tuhumar kansa a kan ƙwayoyin maganin da ya ba ta ranar da ta rasu. Biyu ne, ko huɗu?

"Kaka, ja tumbin nan ciki!" in ji wani a layi. "Ba kwana muka zo yi ba."

Ya rarrafa cikin ruwan sanyi, yana jiran dutse ya cafki haƙarƙarinsa. Ko ƙwarzane bai samu ba. Ya fito gaban fitilun wurin bautar, aka shafa masa jan gari a goshi.

Ya leƙo ta tsagar. "Taho mana, 'yar nan, ke da kike kamar tsinke."

'Yar tasa ce ta miƙo masa ƙwayoyin rannan. Tana tsaye, layi yana wuce ta, tana riƙe da kwakwar.

"Baba," ta ce, "ni zan jira ka a gindin dutse."